TARIHIN KOYAR DA ZANE A YANKINMU: DAGA DUTSEN HABUDE ZUWA WAYAR HANNU

Gabatarwa

Gudummawata ga fitowar bana ita ce waiwaye a kan wani darasi da yawancinmu muka ɗauka na shan iska ne, watau darasin zane. Dalili kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan gwanayen zane a ƙasashe da dama sun tsiri ɗaukar darussan zanen kwamfuta suna rabawa kyauta ga ɗalibai da abokan sana'arsu. Wasu na ganin wannan wauta ce, wai mutum ya nuna wa kowa rijiyar da yake sha. To amma idan muka bi tarihin yankinmu daki-daki, za mu tarar cewa duk inda zane ya mutu, rashin magaji ne ya kashe shi.

Shanun Birnin Kudu

Duk wanda ya tashi tsakanin Dutse da Birnin Kudu ya san duwatsun Habude da Mesa da Murufu, ko da bai taɓa leƙa kogunansu ba. A jikin waɗannan duwatsu akwai zanen shanu da wasu alamomi, galibi da jan launi. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya bincike su a tsakiyar shekarun 1950, har a 1956 ya wallafa bayani a kan duwatsun wurin masu amo kamar kuge idan an ƙwanƙwasa su. Abin lura shi ne, shanun da aka zana marasa tozo ne, irin da ba a kiwonsu a yankin yanzu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna daɗewar aikin.

Waɗanda suka yi zanen nan ba 'yan koyo ba ne. Sun san yadda ake haɗa launin da zai yi shekaru aru-aru a jikin dutse, sun kuma san yadda ake fitar da ƙaho da ƙafa har mai kallo ya gane dabbar. Irin wannan sani koyonsa ake yi a hannun wani. Amma a wani zamani sai igiyar ta tsinke. Yau zanen yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, alhali babu gida ɗaya a Birnin Kudu da zai ce ya gaji sana'ar.

Makarantu Uku Na Gargajiya

Kafin zuwan boko, wurare uku ne suka fi raya zane a ƙasar Hausa. Na farko shi ne tsangaya. Idan yaro ya zo sauka, akan kai allonsa wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da layuka da da'irori cikin ja da rawaya da kore. Alƙalamin na gamba ne, baƙar tawadar kuwa ta gawayi ce da ƙaro. Gardin da ke sha'awar aikin sai ya zauna kusa, yau ya daka tawada, gobe ya cike gurbin launi, har wata rana a bar masa allo sukutum.

Na biyu shi ne wurin magina. Mashahurinsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), zuriyarsa kuma suka ci gaba da sana'ar bayansa. Magini yakan fitar da dagi da sauran ado a jikin bango tun yaɓe na ɗanye, ba takarda ba ma'auni, sai ido da yatsa. Wanda ke son ya ga inda wannan fasaha ta kai bayan shigowar fenti, to ya ziyarci fadar Mai Martaba Sarkin Dutse a Garu.

Na uku shi ne zauren maɗinka. Kafin allura ta taɓa babbar riga, sai mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari a kan yadi, sa'an nan yara su bi sawu da zare. A cikin gida kuma, uwa kan koya wa 'yarta zanen lalle da adon ƙwarya.

Duk waɗannan makarantu ba a biyan kuɗin shiga. Ladan koyo shi ne hidima da ladabi: kwaɓa ƙasa, ɗebo ruwa, share zaure. Sai dai suna da rauni guda, watau sun dogara ga gado da zama kusa. Gwani kan ɓoye wa bare ƙarshen sirrinsa, ya tanadar wa ɗansa. Da siminti da kwano da injin aikin riga suka shigo, 'ya'yan suka kama wasu hanyoyin abinci, sai sirrin ya bi masu shi kabari.

Zuwan Boko

Sa'ad da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ya sa gwanayen gari su koyar da sana'o'in hannu a cikinta. Amma koyar da zane mai zurfi bai kafu a Arewa ba sai a 1955, lokacin da aka dawo da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suna koya wa juna, suna cewa dole a auri dabarun Turawa da adon gargajiya. Okeke ma wurin mahaifiyarsa ya koma neman sanin zanen uli na ƙabilar Ibo, ya kuma yi suna da shi a duniya.

Sai dai ƙofar jami'a ƙarama ce. A sakandare kuwa, tun da Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, hankalin iyaye ya karkata ga likita da injiniya. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya ba zane gurbi a ƙananan azuzuwa, amma malamansa ba su da yawa, kayan aiki kuma sai wanda malami ya saya da albashinsa.

Saboda haka sai bakin titi ya riƙe sana'ar. Masu rubutun allunan shaguna, da masu zanen bayan manyan motoci, da masu zanen bangon littattafan soyayya na Kano a shekarun 1980 da 1990, duk a hannun maigida suka koya. Da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedikwata, irin waɗannan mutane ne suka rubuta allunan sababbin ofisoshi da burushi da gwangwanin fenti.

Zamanin Kwamfuta

Manhajar CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop ta biyo baya a 1990. Da suka iso shagunan ɗab'i, sai katin aure da fostar siyasa suka bar hannun mai burushi. Amma tsohon rauni ya dawo cikin sabuwar riga: manhajojin na da tsada, kwamfuta ɗaya ce a shago, mai ita kuma sai ya karɓi kuɗin koyo. Gwamnatin Saminu Turaki (1999–2007) ta kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma ɗan talakan Kiyawa ko Jahun mai son zane bai daina leƙe ta taga ba.

A can waje kuwa wasu sun ɗauki wata hanyar. A 1996 ɗalibai biyu na wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka suka saki manhajar GIMP kyauta. A 2002, bayan kamfanin da ke da Blender ya durƙushe a Holan, masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanshe ta, suka mai da ita ta kowa. Da wannan manhaja aka yi fim ɗin nan na ƙasar Latbiya mai suna Flow, wanda ya ci kyautar Oscar a 2025. Krita ta fito a 2005, shekarar da aka buɗe YouTube. A Faransa, David Revoy ya fara labarin zanensa na Pepper&Carrot a 2014, yana ba da shi kyauta tare da burusan da ya ƙera da darussan yadda yake aiki, jama'a kuma suna tallafa masa da abin da ya sawwaƙa. Koyarwar ba ta karya shi ba, ita ce ma ta jawo masa suna da masu taimako.

Kammalawa

Ke nan yau manhaja kyauta ce, darasi kyauta ne, yaro ma na iya farawa da wayar hannu. Abin da ya rage shi ne harshe, da kuɗin data, da kuma abin da za a zana. Akasarin darussan da Ingilishi suke, kuma fuskoki da tufafin wasu suke koyarwa. Babu wani Bafaranshe da zai zo ya nuna wa 'ya'yanmu yadda ake ƙulla dagi ko daidaita aska takwas. Dattawan da suka sani kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu su duba abubuwa huɗu a taron shekara. Na ɗaya, masu wannan sana'a a cikinmu su ba da mako guda na dogon hutu su koyar da ƙannenmu a makaranta. Na biyu, a sanya Krita da GIMP a kwamfutocin makaranta, tun da ba sa cin ko kwabo. Na uku, a nemi izinin tsofaffin magina da masu zayyana a ɗauki aikinsu a bidiyo da Hausa, a ambaci sunansu, a kuma ba su goro mai kauri. Na huɗu, a zuba darussan a katin waya domin waɗanda ba su da data, a kuma riƙa kai ɗalibai Birnin Kudu su gani da idonsu.

Ga mai tsoron kada yaransa su ƙwace masa kasuwa, Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Garin da ke da masu zane hamsin shi ake kai wa aikin littattafai da fina-finai, wanda ke da mutum ɗaya kuwa sai dai ya aika Kano ko Legas.