Teburin Kyaftin da Baƙon da Bai San Kowa ba

A ranar 8 ga Yuni 1867 wani jirgin ruwa mai suna Quaker City ya tashi daga New York ɗauke da Amurkawa masu hali, a tafiyar wata biyar zuwa Turai da Falasɗinu da Masar. Kuɗin kujera dala 1,250 ne, amma kuɗin kaɗai ba ya isa, domin sanarwar tafiyar ta ce sai wani kwamiti ya tantance mai nema kafin a karɓe shi. Masu shirya tafiyar sun gane abin da kamfanonin jiragen yawon shaƙatawa ke kokawa da shi har yau: idan ka tara baƙin juna a wurin da babu ƙofar fita, daɗin tafiyar ko ɗacinta ya rataya ne a kan yadda za su saba.

Cikin fasinjojin akwai wani ɗan jarida, Mark Twain, wanda ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa The Innocents Abroad, ya kuma yi wa abokan tafiyarsa ba'a son ransa, musamman kan taron addu'ar da suke yi kowane dare. Sai dai a cikin jirgin nan ne ya saba da wani saurayi, Charles Langdon, wanda ya nuna masa ɗan ƙaramin hoton 'yar'uwarsa Olivia. A 1870 Twain ya aure ta.

A wancan zamani, tsakanin manyan Turawa, ba a yi wa baƙo magana haka kawai, sai wani wanda ya san ku duka ya gabatar da ku. A tsakiyar teku kuwa babu wannan mai gabatarwa, don haka jirgin da kansa ya ɗauki aikin. Kamfanoni irin su Cunard da White Star sukan buga ɗan littafi mai ɗauke da sunayen fasinjojin ɗakunan alfarma, a raba musu, kowa ya duba wanda ya cancanci gaisuwarsa da wanda zai kauce wa. Kujerun shan iska na saman jirgi haya ake bayar da su, da sunan mai ita a jiki, kuma wanda ya san kan abin yakan ɗan sa wa ma'aikaci hannu a aljihu don a ajiye shi kusa da wanda yake son sani. Akwai wasannin motsa jiki, da cacar yawan mil ɗin da jirgi zai ci a yini, da taron waƙe-waƙe da fasinjoji kan yi gab da ƙarshen tafiya don tara wa marayun ma'aikatan jirgi gudummawa.

Amma ginshiƙin komai shi ne teburin cin abinci. Babban ma'aikacin ɗakin abinci ne ke raba kujeru, kuma inda ya zaunar da mutum a nan zai ci har a sauka, da fuskoki iri ɗaya safe da yamma. A ƙololuwa akwai teburin kyaftin, wanda sai da gayyata ake zama. A ganina wannan ma'aikaci ya fi kyaftin iko a kan jin daɗin fasinja, domin shi ke yanke wa mutum abokan hirar mako guda ko uku, ba tare da ya nemi shawararsa ba. A jiragen P&O masu zuwa Indiya abin ya kai har aka yi wa 'yan matan Ingila da ke tafiya can neman miji laƙabin rundunar masunta, kuma wasunsu kan yi baiko tun kafin a isa Bombay.

Tsarin bai yi wa kowa daidai ba. Lokacin da Mohandas Gandhi ya bar Bombay zuwa Ingila a watan Satumba 1888, yana ɗan shekara 18, ya ba da labari daga baya cewa kunya ta hana shi zama a tebur: Turancinsa bai zauna ba, bai iya cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu ba, kuma ba ya iya tambayar wane abinci ne babu nama. Sai ya riƙa ci a ɗakinsa. A can ƙasan jirgi kuwa, inda talakawa masu ƙaura zuwa Amurka ke cunkushe, babu wanda ya damu da gabatar da kowa ga kowa. Su suka riƙa yi wa kansu kiɗa da rawa. Marubuci Robert Louis Stevenson, wanda ya ƙetara Atilantika a 1879 kusa da irin waɗannan mutane, ya bayyana haushinsa kan yadda wasu daga ɗakunan alfarma suka zo kallonsu kamar masu yawon buɗe ido. Shingayen ƙarfe ne ke raba aji da aji, kuma saba wa juna a cikin aji ake yinsa.

Ɗalibai da ma'aikatan Afirka ta Yamma sun san wannan duniya ta jiragen Elder Dempster, waɗanda ke kai kawo tsakanin Liverpool da Apapa a Legas cikin kusan mako biyu. Mafi shahararsu, Aureol, ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974.

Tafiya don nishaɗi kawai, ba don isa wani wuri ba, ta sami kafuwa a hannun Bajamushe Albert Ballin na kamfanin Hamburg-Amerika. Da ya ga jiragensa na zaman banza a lokacin sanyi, sai ya tura Augusta Victoria yawon Bahar Rum a Janairun 1891 da fasinjoji 241, har da jaridar da ake bugawa a cikin jirgin. A nan abokan tafiya suka zama wani ɓangare na hajar da ake sayarwa. Dokar shige da fice da Amurka ta kafa a 1924 ta rage kwararar masu ƙaura ƙwarai, sai kamfanoni suka gyara ɗakunan ƙasa suka sayar wa ɗalibai da malamai. Daga ƙarshen shekarun 1950 jirgin sama ya ƙwace masu ƙetara Atilantika, jiragen ruwan da suka tsira suka koma yawo a tsibiran Karebiyan, akasari da aji guda ga kowa.

Rushewar shingen aji ta bar giɓi, domin tsohon tsarin, duk da wariyarsa, yana gaya wa mutum inda zai zauna da wanda zai yi wa magana. Sai aka cike giɓin da ma'aikata: daraktan nishaɗi, liyafar maraba ta kyaftin, taron marasa aure, da dattawan maza da wasu kamfanoni ke ɗauka kyauta ko kusan kyauta don su yi rawa da matan da suka zo su kaɗai. Shirin talbijin na The Love Boat, wanda aka nuna a Amurka daga 1977 zuwa 1986, ya cusa wa miliyoyin masu kallo cewa jirgin yawo wurin samun masoyi ne.

Tebur mai kujera tsayayya ya daɗe yana jurewa. A 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya ba fasinjoji 'yancin cin abinci lokacin da suke so da wanda suke so, sauran kamfanoni suka bi sahu. Fasinjoji sun yi murna, amma iyali da ma'aurata ne suka ci ribar. Wanda ya zo shi kaɗai ya rasa hanya ɗaya da ke tilasta wa wasu su koyi sunansa, ga kuma jiragen sun kumbura: Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600. A irin wannan taro kana iya yin hira mai daɗi da mutum yau, ba ka sake ganinsa ba har a sauka. Shi ya sa tarukan sanin juna suka yawaita, har fasinjoji kan shirya nasu tun kafin ranar tashi. Kamfanin da ya rusa teburin shi ne kuma, a 2010, ya gina wa masu tafiya su kaɗai ƙananan ɗakuna da zaurensu na musamman a jirgin Norwegian Epic.

Taron da ya fi ba ni sha'awa shi ne mafi ƙarancin hayaniya. A takardar jadawalin yini da ake turawa kowane ɗaki, sau da yawa akan ga layi ɗaya: taron abokan Bill W., ɗaki kaza, ƙarfe kaza, babu wani bayani. Bill Wilson yana cikin mutum biyun da suka kafa ƙungiyar masu yaƙi da jarabar shan giya a Amurka a 1935. Wanda ya san sunan ya san ko su wane ne zai tarar a ɗakin, a cikin jirgin da ke da mashaya kusan a kowane bene. Babu ma'aikacin da ke jagorantar zaman. Kamfani ɗaki kawai yake bayarwa.