Matsalar Fitsari, Raunin Mazakuta da Ƙarancin Testosteron ga Dattawa: Waiwaye daga Gure

Tsakure

Maƙalar ta bi nazarce-nazarcen da aka yi kan alaƙar waɗannan larurori uku, ta auna su da yanayin Gure a jihar Damagaram. Matsayarta ita ce alaƙar fitsari da mazakuta tabbatacciya ce, amma ɗora laifin duka kan testosteron gaggawa ce.

Abin da bincike ya nuna

Berry da abokan aikinsa sun nuna a 1984 cewa kusan rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 suna da kumburin furostet, ƙwayar da ke kewaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. A 2003 Rosen ya jagoranci bincike kan maza fiye da 12,000 masu shekara 50 zuwa 80 a Amurka da ƙasashen Turai shida. Ya gano cewa gwargwadon tsananin matsalar fitsari, gwargwadon raunin mazakuta, ko da an cire tasirin shekaru da ciwon suga. Dalilin da masana suka fi karkata gare shi shi ne gaɓoɓin biyu sun yi tarayya a jijiyoyin jini da na laka, da sinadarin da ke sassauta tsokarsu. Shi ya sa a 2011 Amurka ta amince da maganin tadalafil don larurorin biyu.

Batun testosteron bai kai haka ƙarfi ba. Binciken Wu na 2010 kan maza 3,369 a cibiyoyi takwas na Turai ya sami kashi 2.1 cikin ɗari kacal da suka cika sharuɗɗan ƙarancinsa: raguwar sha'awa, raunin gaba, ƙarancin miƙewar asuba, tare da awon jini ƙasa da nanomol 11 a lita. Ƙiba da ciwon suga ma suna rage shi.

Yanayin Gure

Duk waɗannan alƙaluma na Turai da Amurka ne, kuma a nan ake buƙatar hattara. Tsargiya cuta ce da ta daɗe a Nijar, tana barin tabo a mafitsara. Ciwon sanyin da ba a yi wa magani da kyau ba a ƙuruciya yakan ƙuntata hanyar fitsari bayan shekaru. Don haka ba duk dattijon da fitsarinsa ke tsinkewa ne ke da kumburin furostet ba.

Sannan akwai kunya. Dattijo zai iya cewa ɗigon fitsari na karya masa alwala, ko yana tashi sau da yawa da dare, domin wannan magana ce ta ibada da barci. Abin da ke tsakaninsa da iyali kuwa, da wuya ya faɗa wa ma'aikacin lafiya sa'an ɗansa. Sai ya nufi masu maganin ƙarfin maza a kasuwa, alhali an sha samun maganin sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, wanda ke da haɗari ga mai shan maganin zuciya na naitiret. Shi kansa maganin furostet na asibiti yana da tasa illar: finasterid kan rage sha'awa, tamsulosin kan rage fitar maniyyi, kuma mara lafiyar da ba a gargaɗa ba yakan daina sha shiru.

Takardar tambayoyi bakwai ta IPSS, da ake auna tsananin matsalar fitsari da ita, tana buƙatar karatu, a garin da ake jin Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci. Ma'aunin hotuna da aka ƙirƙira a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2011 ya fi dacewa da Gure.

Shawara

Duk dattijon da ya kawo kukan fitsari asibitin gundumar Gure, a keɓe shi a tambaye shi batun iyali cikin ladabi, a auna suga da hawan jini, a duba fitsarin. Testosteron kuwa sai an auna shi da safe, sau biyu, kafin a yi maganar ba da shi. Muna kira ga sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar André Salifou da Babban Asibitin Damagaram su gudanar da bincike kan dattawan yankin da harsunansu.