Tsofaffin Cocin Tsibirin Ikko da Mutanen da Suka Gina Su

Duk wanda ya taɓa shiga danfo zuwa cikin tsibirin Ikko ya ji kwandasta na kiran "CMS! CMS!" Da yawanmu mun ɗauka sunan tasha ne kawai, kamar Oshodi ko Obalende. Alhali gajarta sunan wata ƙungiyar 'yan mishan ce ta Ingila, wadda ta kafa shagon littattafai da coci a wurin. Cocin yana nan a bakin Marina, mai ruwan toka, da hasumiya mai agogo, dogayen benayen bankuna sun saka shi a tsakiya. Shi ne Christ Church, babban cocin Angilika na Legas.

'Yan mishan sun fara sauka a Badagry a 1842. Ikko kuwa ba su samu shiga ba sai da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta a ƙarshen 1851, aka kori Sarki Kosoko aka mayar da Akitoye kan gado. A 1852 suka shigo, suka kafa coci a Ebute Ero.

Wanda ya aza harsashin Christ Church na farko a 1867 kuwa ba baƙonmu ba ne. John Glover ne, Baturen da ke mulkin Ikko a lokacin, wanda shekaru huɗu kafin nan ya tara Hausawa, yawancinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya kafa 'yar rundunar da ake kira Hausawan Glover. Daga ita sojan Najeriya ke ƙirga tarihinsa. Wato lokacin da ake ɗora tubalin cocin nan, kakanninmu na cikin garin, riƙe da bindiga.

Ginin da muke gani yau na baya ne. Yariman Ingila, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, shi ya aza harsashinsa a Afrilun 1925, ba a gama ba sai 1946. Salonsa shi Turawa ke kira Gotik: ƙofofi da tagogi dogaye, samansu kamar bakan gizon soron Hausa amma an matse shi ya yi tsini, ga gilashi mai launi-launi, ga ginshiƙai daga waje sun tallafe bango. Gini ne na ƙasar sanyi aka ɗauko aka dasa a bakin ruwan Ikko. A nan ƙasusuwan Bishop Samuel Ajayi Crowther suke tun 1976, yaron da aka kama bawa a ƙasar Oyo, jirgin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya zama bishop a 1864.

Amma ni a ganina labarin ya fi daɗi a wajen Campos, unguwar da ake kira Popo Aguda. Aguda su ne 'yantattun bayi da suka dawo daga Barazil. Wanda bai sani ba ya sani, a jihar Bahia ta can, Hausawa ne suka ja gaba a boren bayi na 1807 da na 1814, kuma a Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarbawa, suka tayar da babban bore a birnin Salvador. Bayan an murƙushe shi, hukuma ta matsa wa 'yantattun baƙaƙe lamba, da yawa suka haye jirgi suka dawo gaɓar Afirka ta Yamma. Ba su dawo da dukiya mai yawa ba, amma sun dawo da sana'a a hannu: birkiloli, kafintoci, maƙera, masu shafe da ado na siminti da farar ƙasa. Wasunsu Katolika, wasunsu Musulmi, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Su suka gina cocin Katolika na Holy Cross, wanda aka gama a 1881. Manyan maginansa Lazarus Borges da Silva da Francisco Nobre. To, a cikin mutanen nan akwai João Baptista da Costa, kuma shi Muhammadu Shitta, attajirin nan, ya ba aikin masallacinsa na titin Martins. An buɗe shi a Yulin 1894, Gwamna Carter na wurin, Sarkin Daular Usmaniyya ya aiko Abdullahi Quilliam na Libaful a matsayin wakili, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Wanda ya tsaya ya kalli fuskar masallacin nan zai ga tankwashe-tankwashe da 'yan ƙananan hasumiyoyi irin na cocin Bahia. Babu wanda ya ga aibu a ciki. Gwani ake nema, gwanayen garin kuwa su ke nan. Da Costa ɗin ne kuma ya fara tsohon Babban Masallacin Ikko, yaronsa Sanusi Aka ya ƙarasa, aka buɗe a 1913.

Akwai kuma cocin da rigima ta haifa. A St Paul's Breadfruit, jama'a sun fusata kan yadda Bishop Tugwell ya raba su da limaminsu baƙar fata, James Johnson. Ran 13 ga Oktoba 1901 suka fice, Jacob Kehinde Coker na gaba, suka kafa African Church, wanda babban cocinsa Bethel ke titin Broad. Coker ɗin nan maƙwabcinmu ne a nan Agege, shi ne mai manyan gonakin koko na Ifako, kuma ta hanyar leburorin gonakinsa cocin ya bazu zuwa cikin ƙasar Yarbawa.

Cocin zamani ba sai an daɗe a kansu ba. Wasu tsofaffin sito ne da gidajen silima aka sa wa allo, wasu kuma kamar filin wasa, irin na Deeper Life a Gbagada mai cin mutum 30,000.

Abin takaicin shi ne aikin Aguda na ƙarewa. Holy Cross na 1881 an rushe shi, aka aza harsashin na yanzu a 1934, shi ma salon Gotik irin na Faransa. Tsohon Babban Masallaci ya bi shi, sabon da aka buɗe a 1988 ya maye gurbinsa. Waɗannan dai an ce jama'a ce ta yi yawa, wuri ya yi kaɗan. Amma Ilojo Bar fa, benen nan na dandalin Tinubu da gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956? A Satumban 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, aka kawo katafila aka baje shi. Masallacin Shitta dai yana tsaye, rumfunan 'yan tireda sun kusa rufe masa fuska, sai mutum ya ja da baya zuwa tsallaken titi kafin ya ga samansa.