Lamorde: unguwar cin abincin dare a ƙetaren kogin Yamai

Lamorde unguwa ce a da'ira ta biyar ta birnin Yamai, a ɓangaren da ake kira Harobanda, wato "bayan ruwa" da Zabarmanci. Sunan daga Fulatanci ya fito, ma'anarsa mazaunin sarauta, domin tun kafin birni ya ƙetaro kogi garin Fulani ne mai sarki da ake kira Amiru. Maƙwabtanta sun haɗa da Karaje, Nogare da Kirkisoy.

Wanda ke neman manyan otal-otal da gidajen rawa, wurinsa ɗaya ɓangaren ne, wajen Filato ko barandar Grand Hôtel inda ake cin tsire ana kallon faɗuwar rana. Daren Lamorde na bakin titi ne: benci, fitila, garwashi, da abincin da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka.

Abin da ya raya unguwar

Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ce ta haɗa Harobanda da birni. Kafin nan sai a jirgin ruwa ko kwalekwale. Jami'a ta biyo baya. An kafa ta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'ar Yamai a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Sai kuma babban asibitin Lamorde, wanda yau ke ɗauke da sunan Amiru Bubakar Diallo, da cibiyar Agrhymet mai horar da ɗalibai daga ƙasashen Sahel.

Waɗannan wurare su ne kasuwar masu abinci. Ɗalibi daga Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Diffa ba shi da tukunyar gida a nan. Mai jinya a asibiti yakan fito neman shayi ko kunu cikin dare. Shi ya sa ake jin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Faransanci a benci guda, kuma ba kasafai ake tambayar baƙo daga ina ya fito ba. Gadar ma tana da matsayi a tarihin ɗalibai: a kanta aka harbe uku daga cikinsu ranar 9 ga Fabrairu 1990, ranar da ake tunawa da ita kowace shekara.

Me ake ci

Dambu ne kan gaba, na gero, na masara ko na shinkafa, a cakuɗa shi da zogale, albasa, mai da yaji. Zogalen da aka kwaɗa da tunkuzar gyaɗa, wanda Zabarmawa ke kira kopto, ana cin sa shi kaɗai ko a haɗa da dambun. Bayan magariba mahauta ke hura wuta, tsire da balangu su fara ƙamshi. Akwai soyayyen kifin kogi, da acheke irin na Kodebuwa, da shinkafa da wake, da fari-masa. Fura da nono kuwa ba a koya wa Lamorde su, gadon gida ne, sai dai an fi samun su da rana. Mai shayi da burodi da ƙwai shi ne na ƙarshen tashi, kuma teburinsa ne majalisar gardamar ƙwallo da siyasa.

Baƙon da ya zo daga Najeriya ya lura da lissafi: da dala ake faɗin farashi, dala ɗaya sefa biyar. In mai dambu ta ce dala arba'in, sefa 200 take nufi. Jika kuma sefa 1000 ce.

Lokaci da hanya

Ana shiga ta gadar Kennedy, ko ta biyu da ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2011, ko ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021. Taksi da faba-faba suna raguwa in dare ya yi nisa, saboda haka gara mutum ya san motar komawarsa tun kafin ya zauna. Lokacin hutun jami'a wurin kan yi sanyi, da azumi kuma hada-hadar takan koma bayan tarawihi. Yawon dare ya tsaya cikin unguwa: hanyar da ta nufi Torodi da iyakar Burkina Faso tana cikin yankin da ke fama da matsalar tsaro.

Babban abin da ke iko da daren Lamorde shi ne kogi. Unguwar a kwari take, datsi ne ke kare ta. Kogin yana cika sau biyu a shekara: jan ruwan damina a Agusta da Satumba, da ruwan da ke gangarowa daga Gini wanda kan kai ƙololuwa wajen Janairu. Na farkon ne mai ɓarna, domin da sauri yake tasowa. Ya shiga unguwar a Agustan 2012. A Satumban 2020, da tsayinsa ya kai kimanin mita 7, datsin ya karye, gidaje suka rushe, iyalai da dama suka koma kwana a makarantu. Mai niyyar zuwa a waɗannan watanni biyu ya fara sauraron sanarwar hukuma kan matakin ruwa, ya kuma riƙe maganin sauro.