Ledar jelatin: abin naɗe abinci mai ruɓewa, da abin da Kartum da Omdurman ke da shi na haɗa ta

Jelatin sinadari ne da ake fitarwa daga fata da ƙashi da jijiyar dabba. Duk wanda ya ga yadda romon ƙafar sa ke daskarewa idan ya kwana ya riga ya san shi. A masana'anta ana jiƙa fatar cikin ruwan tsami ko ruwan farar ƙasa, a dafa ta a hankali, a tace, a busar. Idan aka narka garin a ruwan ɗumi, aka shimfiɗa shi siriri ya bushe, sai ya zama fallen da ake gani ta cikinsa kamar leda. Irin wannan ɓawon ne ke rufe ƙwayoyin magani na kafso.

Ƙarfinta

Busasshiyar ledar jelatin tana hana iskar oksijin shiga, kuma ita ce iskar da ke sa mai ya lalace, nama ya sauya launi. A nan ta fi ledar roba ta kasuwa. Maiƙo ma ba ya ratsa ta da sauƙi. Ana iya cin ta, kuma idan ta faɗa ƙasa mai damshi, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar suna cinye ta cikin makonni, alhali ledar roba na shafe shekaru masu yawa tana toshe magudanan ruwa da cikin awaki.

Rauninta

Ruwa ne babban abokin gabarta. Tana shan damshi ta kumbura ta yi danƙo, a ruwan zafi kuwa ta narke. Idan iska ta bushe ƙwarai sai ta yi tauri ta tsage, shi ya sa ake zuba mata gilisarin don ta yi laushi. Sai dai yawan gilisarin na rage mata ƙarfi, yana kuma ƙara buɗe wa tururin ruwa hanya. Yanayin Kartum na gwada ta ta fuska biyu: bushewa da zafin da ke wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, sannan damshin damina daga Yuli zuwa Satumba. Saboda haka ta fi dacewa da busasshen abinci, kamar dabino, gyaɗa, soborodo da kayan yaji, ko ta zama rufin ciki a kwali. Ba ta dace da miya ko kunu mai zafi ba.

Inda ƙaro ya shigo

Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, wanda ake tsinta a jikin dakwara, itacen da Sudanawa ke kira hashab, musamman a Kordofan da Darfur. Jelatin da ƙaro kan manne wa juna idan ruwan da aka haɗa su ya ɗan yi tsami. Masanin nan ɗan Holan, Bungenberg de Jong, ya bayyana haka tun 1929, kuma a shekarun 1950 kamfanin NCR na Amurka ya yi amfani da haɗin wajen yin takardar kwafi marar kabon. Da wannan haɗi ana iya killace man kanumfari ko na kirfa cikin ledar, don rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta a abinci. Ƙaro shi ma yana son ruwa, don haka masu bincike kan ƙara kakin zuma ko mai.

Kartum da Omdurman

Kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke yammacin Omdurman na cikin mafi girma a ƙasar, inda shanu da tumaki da raƙuma ke isowa daga yamma. Fatu da ƙasusuwan mayanka su ne ainihin kayan yin jelatin. Wannan yana da muhimmanci ga Musulmi, domin kaso mai yawa na jelatin da ke kasuwar duniya daga fatar alade ake yin sa, wanda aka samo daga dabbar da aka yanka bisa shari'a kuwa ba shi da shubuha.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soji da dakarun RSF ya lalata masana'antu da jami'o'in babban birnin, ya kuma dagula cinikin ƙaro. Soji sun karɓe Kartum a watan Maris 2025, amma yin jelatin na buƙatar lantarki tsayayye da ruwa mai tsabta.

Batun ya shafi Nijar, wadda ke da dabbobi da itatuwan ƙaro, ta kuma kafa doka a 2014 da ta hana ledar roba mara kauri. Babban cikas a ƙasashen biyu shi ne farashi, domin har yanzu ledar roba ta fi araha nesa ba kusa ba.