Asalin 'Yan Taru da Jajojin Nana Asma'u

Bayan da ƙurar jihadin Shehu Usmanu ta lafa, aka kafa birnin Sakkwato a 1809, sai shugabannin jama'a suka tarar da wani aiki wanda takobi ba ya iya yi, domin ƙauyuka cike suke da mata, 'ya'ya da bayi, waɗanda ba su san farillan alwala ba balle hukunce-hukuncen aure da gado, kuma da yawansu, in ciwo ko baƙin ciki ya same su, wurin masu bori suke nufa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ita ce ta ɗauki wannan nauyi wajen ƙarshen shekarun 1830, tana kuwa da madogara biyu, zuriyar ilmi ta gidan mahaifinta, da kuma gidan mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Abin da ya fi cancantar a yi nazari a kansa shi ne yadda take zaɓen wadda za ta shugabanci matan kowane gari, wato jaji. Ba dukiya take dubawa ba, ba kuma nasaba ba. Dattijuwa take nema wadda mutanen garinta suka shaida amanarta da haƙurinta da kamun kanta, domin ba mai sakin 'yarsa ta yi tafiyar kwanaki sai a hannun wadda ya yarda da ita. In an same ta, sai Nana ta aza mata malfa, ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori, kuma a ganina babu hikimar da ta fi wannan, da aka bar wa mata alamar da suka saba girmamawa, aka sauya abin da take kira zuwa gare shi.

Jajojin kan jagoranci 'yan mata da tsofaffi, waɗanda ake kira 'Yan Taru, zuwa wurin Nana da sadakar hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta raba wa mabukata, ta koya musu waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulfulde. In sun koma gida, su ne masu karantarwa, masu wankan gawar mata, masu sulhunta ma'aurata, ta haka fada da makaranta da ƙauye suka zama suna aiki ɗaya. Da Allah ya yi wa Nana rasuwa a 1864, ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da naɗa jajoji.