Waya Uku a Aljihu

Wata yarinya da ta gama karatun jarida bara ta tare ni bayan wani taron bita a Kano. Ta ce, "Baba, wata jarida ta ba ni aiki a shafinta na fasaha, amma ƙawayena sun ce kada in karɓa, gara in zauna da kaina in riƙa rubuta wa na waje ana biyana da dala. Kai da ka ɗanɗani duka biyun, wanne ya fi?" Na ce, "'Yata, albashin nawa ne, kuma ana biya?" Ta san amsar tambayar farko. Ta biyun kuwa ko kawo ta a ranta ba ta yi ba.

Yaran yanzu sun ɗauka zaman kai a wannan fanni da laftof da asusun dala aka fara shi. Mu da muka ajiye katin ma'aikaci tun kafin abin ya zama ado, ba sha'awa ce ta fitar da mu ba.

Lokacin da na shigo, fannin ko suna ba shi da shi. Raɓe yake a teburin kasuwanci, kuma labarinsa ɗaya ne: NITEL, da layukanta da ba su kai rabin miliyan ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Sai gwanjon lasisin GSM na Janairun 2001 a Abuja, zamanin Ernest Ndukwe a NCC, lasisi ɗaya dala miliyan 285. Zuwa Agusta Econet da MTN sun kunna. Kafin shekara ta zagayo jaridu da dama sun buɗe shafin sadarwa na mako-mako, wasu har shafi huɗu. Mun ɗauka ƙaunar ilimi ce ta kama masu jaridun. Talla ce. Ba a taɓa ganin masu sayen cikakken shafi mai launi kamar kamfanonin waya ba, sai ko bankuna.

Wanda aka ɗora a kan shafinmu wani dattijo ne ɗan Zariya da muke kira Injiniya, ko da yake bai taɓa cewa shi injiniya ba ne. Tsohon ma'aikacin P&T ne, ya yi makarantarsu ta Oshodi, ya hau falwaya, ya ga yadda aka haɗe ɓangarensu da NET aka kafa NITEL a 1985, daga baya ya gaji ya koma rubutu. Turancinsa ba ado, jimlolinsa gajeru. Doka ɗaya gare shi: kamfani ba ya shiga gari a shafinsa sai wakilinsa ya taka garin ya buga waya.

Idan sanarwa ta zo cewa sabis ya isa gari kaza da kaza, sai ya ninke takardar ya miƙo maka tare da kuɗin mota daga akawu. Za ka ɗauki wayoyi, kowacce da layinta, da littafin makaranta da ya ja wa layuka da hannunsa: wuri, lokaci, sanda nawa wayar ta nuna, kira ya shiga ko bai shiga ba, ya tsinke a daƙiƙa ta nawa, nawa aka cira. Da farko waya biyu ce, bayan Glo ta shigo suka zama uku, kuma wayoyin ofis ne, sai ka sa hannu kafin ka fita da su, don a lokacin layi kaɗai ya fi albashin wasunmu. Ka hau motar haya daga Kano zuwa Katsina, ko ta Wudil ka miƙa Azare, kana sauka a kowane babban gari. Kira uku a tasha, uku a kasuwa, uku a ƙofar asibiti. Shi kuma yana zaune gefen wayar tebur a ofis da nasa littafin, yana rubuta abin da ya iso. Idan ka dawo a haɗa littattafan biyu. Kiran da ke naka babu shi a nasa, shi ne labarin.

Ya koya mini kada in tambayi shugaban ƙaramar hukuma ko akwai sabis, in tambayi mai lema. Yaran nan da a lokacin ke zaune ƙarƙashin lema da tebur da waya ɗaure da zare, ana biyansu a yi kira, sun fi kowane jami'in hulɗa da jama'a sanin gaskiyar taswira. Za su gaya maka layi kaza sai bayan la'asar yake kamawa, layi kaza sai ka hau tudun bayan makarantar firamare, ƙarfen sabis ɗin garin kuma kwana nawa ya yi ba gas a janaretansa. A wani ƙauye na tarar da dattawa sun yi layi a gindin wata tsamiya, don nan kaɗai sanda ɗaya ke fitowa, har mai shayi ya kafa teburinsa a wurin. Garin yana cikin jerin da aka buga da manyan haruffa cewa an gama da shi.

Littafin nan ne ya sa muka riga kowa rubutu a kan lissafin minti. Naira 50 ne minti, ko kiran ya tsinke bayan sallama an ci kuɗin. Mun jera shafi guda na kiran da bai kai daƙiƙa goma ba, da abin da aka cira a kowanne. Ana ta cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna, sai Globacom ta fito da shi a Agustan 2003. Ranar 19 ga Satumba masu waya suka kashe wayoyinsu don nuna fushi, kuma ba a daɗe ba sauran kamfanonin suka bi sahu. Ba na cewa mu muka jawo. Amma ranar ƙauracewar Injiniya ya sayo mana tsire, abin da bai taɓa yi ba.

Yadda muke aiko da rahoton ma abin dariya ne yanzu. Fakis a shagon kasuwanci, shafi ɗaya ya fito rabi baƙi. Ko ka kwana a kafe, don kuɗin dare ya fi sauƙi kuma intanet ɗin ya fi tafiya bayan sha biyu. Ko ka sa fulofi a ambulan ka ba direba a tasha, ka rubuta lambar motar. Masu rubutu da Hausa nasu ya fi namu ciwo: ka aika ƙ da ɗ da ɓ, su isa can sun zama akwatuna. Sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro haruffan kwamfuta masu lanƙwasa mutane suka ɗan huta, su ma sai in ɗaya kwamfutar tana da su. Shi ya sa nake girmama shafin Baban Sadiƙ a Aminiya. Shekara da shekaru yana yi wa mai karatun Hausa bayanin intanet da wayar salula, aikin da mu masu shafukan Turanci muka raina.

Abin ya lalace ne a hankali. Aka fara da cewa akawu ba shi da kuɗin hanya wannan watan. Sai aka ce wakilin da ya kawo talla yana da kamasho, wanda ya ninka albashinsa. Sai albashin ya fara makara, wata biyu, wata biyar, har wani babba ya ce mana a taro katin da ke wuyanmu ai shi ma abinci ne. Kowa ya gane. Taron ƙaddamarwa a otal, jaka mai tambari, sabuwar waya "don gwaji" wadda ba a mayarwa, ambulan na kuɗin mota a bakin ƙofa. Wakilin da aljihunsa ke cike da kyautar kamfani ba zai tsaya gindin tsamiya yana ƙirga sanda ba. Injiniya ya yi ritaya a tsakiyar wannan, aka ba shafin wani yaro mai kirki wanda aikinsa ya zama sauya kan sanarwa.

Na ci gaba da fita da kuɗina na ɗan lokaci. Rahoton da ya raba ni da aikin a kan wata hanya ne da wani kamfani ya yi shelar ya lulluɓe ta da sabis, alhali fiye da rabinta shiru ne. An tsara shafi, an sa hoto. Da daddare edita ya kira ni, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, mutanen nan suna da shafi shida a wannan makon." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye ba, har yau ina ganin girmansa a kan haka. Washegari na lissafa: ana bina aiki kullum, ina bin su albashin watanni, kuma abin da na rubuta ba nawa ba ne. Na riga na zama mai zaman kansa, sai dai mai ubangida ɗaya wanda ba ya biya. A shekarar da Zain ta koma Airtel, 2010, na ajiye katin. Layin nan ma ya sha suna, Econet, Vmobile, Celtel, Zain, masu fenti kaɗai suka ci ribar sauyin, don duk kiyos da katangar bakin titi sai an sake shafe su.

Na je Zariya na gaya wa Injiniya. Ya ce, "Yaro, yanzu wa zai ba ka kuɗin mota?" Na ce masu sayen rubutun. Ya yi dariya har da tari.

Abin da zaman kai ya ba ni ba ƙarami ba ne, kuma ba zan bari a rage masa daraja ba. Rahoton da aka kashe ya fito a wani wuri. Idan edita ɗaya ya ji tsoro akwai na biyu. Lokacin da NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 a Oktoban 2015 saboda layuka miliyan 5.1 marasa rajista, wadda daga baya aka sasanta a biliyan 330, na rubuta yadda rajistar ke gudana a bakin kasuwar Farm Centre ta Kano, ba wanda ya kira ni da daddare. Ma'aikaci ba zai iya cewa a'a ba. Ni ina iyawa, kuma na sha faɗa.

Amma sai ka zama akawun kanka da ɗan aiken kanka. Jaridar gida za ta buga, ta ce ka zo ƙarshen wata, watan kuma ba ya ƙarewa. Ta waje tana biya, sai dai kuɗin su iso. PayPal ta shigo Najeriya a 2014 amma a lokacin don ka biya ne kawai, ba don ka karɓa ba, sai ka nemi ɗan uwa a Ingila a tura masa, ka jira mai zuwa gida. Babu fansho, babu hutun ciwo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ranar shagonka a rufe yake.

Kuma editan waje ma ubangida ne, yana da abin da yake son ji. Tun da Mark Zuckerberg ya taka Yaba a Agustan 2016, labarin fasahar Najeriya ya koma labarin jari: wa ya samu miliyan nawa, daga wa. Da Stripe ta sayi Paystack a 2020 kan sama da dala miliyan 200, sai abin ya zama ba a jin komai sai shi. TechCabal da Techpoint sun yi aikinsu a wannan fage, sun kuma horar da yara masu kaifi. Amma ka ce za ka rubuta dalilin da manomi a Jigawa ke sayen data ta ƙare bai buɗe komai ba, sai a tambaye ka wane sabon kamfani ne ke magance matsalar. Arewa ba ta shiga sai da jini: ƙarafunan sabis da aka ƙona a 2012, ko katse layukan Borno da Yobe da Adamawa a 2013.

A Satumban 2021 aka rufe sabis a Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suna hawa mota zuwa Funtuwa don su buga waya kawai, ko su duba ko kuɗi sun shigo. Wannan aikin Injiniya ne tsantsa: a je a ga inda sanda ke mutuwa da inda take dawowa. Editoci da dama sun nemi rubutu a kai, duk sun yarda da farashin kalma, ba wanda ya yarda da kuɗin hanya. Na je Funtuwa da kuɗina. Na tarar da masu POS sun yi hijira da injinansu, da wata mata da ta zo da lambobi rubuce a takarda, na maƙwabta, kowa da saƙon da za ta isar masa. Da aka biya ni na cire mota da masauki, abin da ya rage bai kai cefanen mako ba. Yawancin abin da aka buga kan rufewar nan daga Legas da Abuja aka rubuta shi, ta waya, game da mutanen da ba su da waya.

Ɗakin labarai yana da kuɗin aika ka amma ya sayar da shafin. Zaman kai ya bar maka alƙalaminka amma ba ya sa maka mai a mota. Gwajin layi ya faɗa tsakanin biyun, kuma ban ga wanda ya tsince shi ba. An yi gwanjon 5G a Disamban 2021, MTN da Mafab kowanne dala miliyan 273.6, aka cika shafuka da saurin da za a samu, ban karanta wanda ya fita unguwa-unguwa ya auna ba. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, bisa alkawarin gyara sabis. Na rubuta wa editocin da nake hulɗa da su cewa zan bi hanyar Kano zuwa Daura da layuka huɗu, in sake bi bayan wata shida, a ga ko alkawarin ya cika. Na haɗa da lissafin mai a farashin bayan cire tallafi. Ɗaya ne ya amsa. Ya ce ra'ayin ya yi kyau ƙwarai, ko zan iya tambayar mutane a WhatsApp in haɗa masa kalma 600 kafin Alhamis.